Godiya Da Ƙafa Ake Yinta

 Kowace shekara idan ruwa ya ɗauke, aka fara ganin damman dawa da gero suna shigowa gari, majami'u da yawa a ƙasar nan sukan keɓe Lahadi guda domin sujadar godiya ta kaka. Idan ke Kirista ce kin san ranar sarai. Idan kuwa ba Kirista ba ce, to wataƙila kin taɓa jiyo kiɗan tulun matan zumunta daga bayan katanga, ko kin ga maƙwabciyarki ta fito da kwanon gyaɗa a ka, ɗanta yana biye da ita rungume da zakara. A kan wannan godiya za mu tattauna yau, watau mece ce ita a wurin mai bin Yesu Almasihu, don me kuma aka ɗauke ta da nauyi haka.

Mu fara da bakinmu. Uwargida, ƙidaya mini sau nawa kika ce "mun gode Allah" daga wayewar garin yau. Ina aiki, da godiya. Yaya mai jiki, da sauƙi, mun gode Allah. Al'ada ce mai kyau, ba na kushe ta ko kaɗan. Sai dai kalmar da ta sha hannu haka takan zama kamar tsohon kwabo wanda rubutunsa ya goge, ana ba juna shi ba wanda ke dubawa. Mace tana iya faɗinta alhali hankalinta duk yana kan tukunyar da ta bari a murhu.

Amma iyayenmu sun san wata godiyar dabam. Idan aka yi miki babban alheri, misali wata ta ɗauke miki kayan ɗakin 'yarki, ko wani ya biya wa ɗanki kuɗin makaranta, "na gode" ɗin da kika ce a tsaye bai isa ba. Kashegari sai ki yafa gyale ki taka har gidan, ko ki roƙi maigida ya je, ko a tura dattijuwar gida. Idan ba a yi haka ba za ki ji ana cewa wance ko godiya ba ta zo ba, ko da kuwa ta faɗi kalmar sau goma ranar da ta karɓa. Ashe a wurinmu godiya aba ce da ake zuwa, da ƙafa ake yinta. Ki riƙe wannan a ranki, domin da shi za ki gane labarin da ke cikin Luka sura 17, daga aya 11 zuwa 19.

Yesu yana kan hanyarsa ta zuwa Urushalima, a kan iyakar Samariya da Galili, sai mutum goma masu cutar kuturta suka tsaya daga nesa suka ɗaga murya suna roƙonsa jinƙai. Tsayawa daga nesan nan doka ce. Littafin Firistoci sura 13 ya ce wanda aka tabbatar yana da irin wannan cuta ta fata zai zauna shi kaɗai a bayan zango, ya sa yagaggun tufafi, ya riƙa yi wa masu zuwa kashedi kada su matso. Mu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Waɗanda suka manyanta cikinmu sun san sansanonin da aka kafa tun zamanin Turawa a Garkida da Molai da Yadakunya da Amanawa da Babbar Ruga, sun kuma san matan da aka raba da 'ya'yansu aka kai can. (A nan bari in ɗan ratse. Cutar nan tana warkewa yanzu. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da haɗin magungunanta, tun 1995 kuma kyauta ake bayarwa, watanni 6 ko 12 ake sha. Idan kin ga tabo mai haske a jikin yaro wanda ba ya jin taɓi a wurin, ki kai shi asibiti, kada ki ɓoye.)

To, Yesu ya ce su je su nuna kansu ga firistoci, gama firist ne kaɗai yake da ikon shaida cewa mutum ya tsarkaka har ya koma cikin jama'a. Suna cikin tafiya sai suka ga jikinsu ya warke. Ɗaya daga cikinsu ya juyo da baya yana yabon Allah da babbar murya, ya zo ya fāɗi a gaban Yesu yana godiya. Shi kuwa Basamariye ne, irin mutanen da Yahudawa ba sa cin abinci da su. Yesu ya tambayi inda sauran suka shiga, sa'an nan ya sallami mutumin, ya gaya masa bangaskiyarsa ce ta cece shi.

An saba zagin mutum taran nan a wa'azi, a ce da su butulai. Ni dai ina ganin ya kamata mu yi musu adalci, don kuwa sun fi kama da mu. Ba su yi laifin komai ba, inda aka aike su can suka nufa. Ga tsarin tsarkakewa na kwana takwas yana jiransu, ga mata da 'ya'ya da suka yi shekaru ba su rungume ba. Da kin tare su a hanya kin ce yaya jiki, na tabbata da sun ce mun gode Allah, suna dariya har da hawaye. Murna kam sun yi ta. Abin da ba su yi ba shi ne komawa. Sun karɓi kyautar sun yi gaba da ita, shi kuwa Basamariyen da ya dubi hannuwansa sai ya ga ba zai iya ƙara taku ɗaya ba sai ya ga fuskar wanda ya yi masa wannan. Dukansu goma sun sami sabuwar fata, amma mutum ɗaya ne ya tsaya kusa da Yesu har ya ji magana daga bakinsa. Masanan Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, sun ce kalmar da Yesu ya yi amfani da ita ga mutumin nan tana ɗauke da ma'anar warkarwa da ta ceto duka biyu.

Wannan shi ne dalilin da ya sa Kirista ba ya ɗaukar godiya a matsayin ladabi kawai. A wurinsa lafiya da abinci da 'ya'ya 'yan aike ne, Allah ya turo su su kira shi zuwa gare shi. Wadda ta tsaya tana wasa da ɗan aike har ta manta da wanda ya aiko, ta sami kaya amma zumunci ya wuce ta.

Ranar ƙoshi ta fi haɗari

Za ki zaci wahala ce take kashe godiya. Littafi Mai Tsarki ya fi jin tsoron ƙoshi. A cikin Maimaitawar Shari'a sura 8 Musa ya gargaɗi Isra'ilawa tun suna jeji, ba su ko shiga ƙasar ba, cewa ranar da suka ci suka ƙoshi, suka gina gidaje masu kyau, dabbobinsu suka yaɗu, a ranar ne zuciya za ta raɗa musu cewa ƙarfin hannunsu ne ya kawo wannan duka. Manzo Bulus ma, da yake bayyana wa Romawa yadda 'yan adam suka kauce, a sura ta 1 ya sa ƙin girmama Allah da ƙin gode masa a gaba, kafin ya lissafa sauran miyagun ayyuka. Watau a ganinsa daga nan ɓarakar take farawa.

Ki duba gidanki ki gani. Daren da yaro yake kwance a asibiti ana ƙara masa ruwa, ba wanda ya koya miki addu'a, ba ki kuma yi gyangyaɗi ba. Bayan mako biyu yana guje-guje a tsakar gida, har kin fara yi masa tsawa ya cika ƙiriniya. Kin kai wa ma'aikaciyar jinya ƙwai, kin kyauta ƙwarai. To, sa'a nawa kika ba wa komawa, idan aka gwada da sa'o'in da kika ba wa roƙo?

Maganin da shari'ar Musa ta bayar yana da ban sha'awa. A sura 26 ta wannan littafi, manomi zai zuba nunan fari na gonarsa a kwando ya kai wurin sujada, amma ba zai ajiye ya juya ba. Sai ya tsaya ya ba da labari da bakinsa, tun daga kakansa mai yawo, da bautar Masar, da kukan da suka yi, da fitowa, har zuwa gonar da kwandon ya fito. Godiyar tana da sunaye da wurare. Ni ma abin da zan ba ki shawara ke nan. Maimakon ki ce na gode domin kome da kome, wanda sau da yawa ma'anarsa ba ki tuna kome ba, ki kama abu uku ko huɗu ki kira su da sunansu: ruwan da ya sauka a makon da masara ta fara lanƙwasa, maƙwabciyar da ta ranta miki mudu biyu ba ta tona ki ba, haihuwar da ta zo da gardama amma kika tashi. Ki faɗe su a gaban yara, su ji.

Sa'an nan akwai wani abu game da lokacin godiya wanda mai dafa abinci za ta fi kowa ganewa. Ranar da Yesu ya ciyar da mutum 5,000, abin da ke hannu gurasa biyar ne na sha'ir da kifi biyu, guzurin wani yaro. Yahaya sura 6 ta nuna ya ɗauka ya yi godiya tun abincin yana ɗan kaɗan ɗinsa, kafin kowa ya ga ragowar kwando 12. Haka Bulus a cikin Ayyukan Manzanni sura 27. Jirgin ruwa da mutum 276 a ciki, hadiri ya yi mako biyu yana wujijjiga su, ba mai iya cin abinci, sai ga ɗan fursuna ya ɗauki gurasa ya gode wa Allah a gaban kowa ya fara ci, sauran suka yi ƙarfin hali suka ci. Jirgin kuwa bai tsira ba, ya farfashe a gaɓar tsibirin Malta, mutanen ne suka fita da rai. Mafi girma duka, a daren da aka ba da Yesu, ya san abin da ke jiransa da safe, ya ɗauki gurasa da ƙoƙo ya yi godiya. Shi ya sa tun ƙarnin farko-farko Kirista suke kiran Jibin Ubangiji da kalmar Helenanci Yukaristiya, wadda ma'anarta godiya ce, har yau kuma 'yan Katolika da Angilikan da wasunsu suna riƙe da sunan. Ibada mafi tsarki a cikin ikilisiya sunanta godiya, an kuwa kafa ta a daren cin amana.

Saboda haka 'yar addu'ar nan ta kafin cin abinci, wadda yara suke rattabawa da ido ɗaya a buɗe yana kallon nama, kada ki raina ta. Ranar da tuwon bai kai ba, miyar kuma lami ce, ranar ce ta fi aiki, domin yaro yana koyon abin da zai yi da rashi ne daga fuskar uwarsa.

Ba sandar bugun mai kuka ba ce

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Na san cikin masu karanta wannan fili akwai wadda ta binne miji a bana, akwai wadda ta shekara 12 a ɗaki ba ta taɓa ko ɓari ba, akwai wadda gonarsu tana can ba damar zuwa saboda 'yan bindiga. Sau da yawa irin waɗannan mata da sun buɗe baki sai a ce musu "ke dai ki gode Allah", abin nufi kuwa shi ne ki yi shiru kin dame mu. Haba jama'a! Wannan ba koyarwar Littafi ba ce. Zabura cike take da kuka da ƙorafi, Zabura 88 ma da duhu ta ƙare, ba a kuwa cire ta daga Littafin ba. A kabarin Li'azaru, Yahaya sura 11 ta nuna Yesu ya yi hawaye tukuna, daga baya ya ɗaga ido ya yi godiya. Duka biyun a wuri ɗaya, a rana ɗaya. Matar da mijinta yake dukanta kuwa, ba godiya za a koya mata ba, a raka ta wurin dattawan ikilisiya da iyayenta, in ta kama har wurin hukuma.

Abin da aka roƙa a wurin mai baƙin ciki shi ne kada ta bari baƙin cikin ya rufe mata ido ga abin da ya rage. Da Bulus ya rubuta wa Tasalonikawa, a wasiƙa ta fari sura 5, godiya a cikin kowane hali ya ce a yi. Mace tana iya ƙin mutuwar da ta ɗauke mata miji, ta kira ta abokiyar gaba kamar yadda Littafin kansa ya kira ta, duk da haka ta gode domin shekarun da suka yi tare, da wanda ya kawo mata itace ranar uku, da begen tashin matattu.

An yi wani fasto a ƙasar Jamus, Martin Rinkart, a garin Eilenburg, a zamanin Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648. 'Yan gudun hijira suka cika garin, yunwa ta biyo, a 1637 annoba ta shigo. A shekarar nan ya yi jana'izar mutum fiye da 4,000, wata rana 40 ko 50, cikinsu har da matarsa. Mutumin nan shi ne mai waƙar godiyar nan da Jamusawa suke rerawa har yau, wadda ya tsara a cikin shekarun yaƙin a matsayin 'yar addu'ar cin abinci. Wata mace 'yar Ingila, Catherine Winkworth, ta juya ta zuwa Turanci a 1858, daga nan ta bazu duniya.

Ba sai mun je Turai ba ma. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta fara ne da sujada a gindin tsamiya a Garkida a watan Maris 1923. A watan Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan wannan ikilisiya. A watan Oktoba na shekarar mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. A 2020 aka kai wa Garkida kanta hari aka ƙone majami'u. Duk da haka a watan Maris 2023 mutanen nan suka taru suka yi bikin cika shekara 100, alhali wasu daga cikin 'yan matan ba su dawo ba. Wadda ta rera waƙar yabo a irin wannan taro ba mantuwa ta yi ba, ta san sarai kujerar wa ce babu kowa a kai.

Akwai kuma godiyar da ba ta kai ko'ina, ita ma sai mun faɗa wa juna gaskiya. A Luka sura 18 Yesu ya ba da misalin Bafarisiyen da ya shiga Haikali ya buɗe addu'arsa da godiya, amma abin da ya gode a kai shi ne bai zama kamar sauran mutane ba, musamman mai karɓar harajin da ke tsaye can baya. Godiya ce a baki, yabon kai a ciki. Ki tuna da shi ranar da za ki fito godiyar haihuwa ko ta sabon gida. An yi anko, an ɗauko masu hoto, dangi sun cika layi ana rawa zuwa gaba, ana kiran adadin kuɗin ambulan da lasifika. Ba na cewa rawa laifi ce, Dawuda ma ya yi. Amma na san gidajen da aka ci bashi don a fita kunyar wannan rana, na kuma san akwai matan da suke ƙin zuwa sujadar kaka don ba su da abin ɗauka sai ƙwarya ɗaya ta wake, ga gwanjon kaya ana yi ana tafa wa mai tsada. Shugabannin zumuntar mata, wannan aikinku ne. Yesu ya zauna yana kallon masu zuba baiko, Markus sura 12, wadda ya yaba kuwa gwauruwa ce mai 'yan anini biyu. Idan tsarinmu yana sa irinta ta zauna a gida don kunya, tsarin ne yake bukatar gyara. Haka nan masu koyar da cewa ki ba da godiya mai tsoka domin Allah ya ninka miki, ku yi hattara, godiya ba adashi ba ce da za a zuba a jira kwasa.

Mai fitowa da jariri kuma ta tuna da wadda ke zaune a bencin baya. Labarin Hannatu a littafin Sama'ila na fari ya san wannan ciwo, gama kishiyarta Feninna tana da 'ya'ya, a lokacin zuwa sujada a Shilo ne kuma take tsokanarta, kowace shekara, har ta kasa cin abinci. Wurin ibada ya zama mata wurin kuka. Ta yi addu'a leɓunanta suna motsi ba murya, har Eli firist ya zaci ta sha ta bugu. Da ta haifi Sama'ila ba ta rama wa Feninna ba. Ta jira ta yaye shi, sa'an nan ta ɗauke shi da bijimi da gari ta taka daga Rama zuwa Shilo, ta tsaya gaban Eli ta tuna masa ita ce matar nan da ya gani tana addu'a, ta bar yaron a can kamar yadda ta yi wa'adi. Waƙarta ta yabo da ke sura 2, a ranar rabuwa ta yi ta, lokacin da za ta koma gida da zanen goyo ba kowa a ciki. Daga baya ta haifi maza uku da mata biyu, amma ranar nan ba ta san da su ba. Kowace shekara kuma sai ta ɗinka 'yar riga, ta ɗan ƙara mata tsawo a kan ta bara, ta riƙe a hannu ta hau zuwa Shilo.